Aikin mahaɗin raba nauyi na ƙaramar tirelarmu, rana bayan rana

Asabar, 7 ga Maris

Makon jiya muka jawo tirelar kwanan zuwa gida a kan ƙwallon ja na yau da kullum. Ƙarama ce, aksil ɗaya, gado ɗaya da ɗan wurin girki da tankin ruwa na lita 100. A takarda nauyinta babu kaya kilo 1,400 ne, iyakar abin da aka yarda ta kai da kaya kuma 1,800. Motarmu an rubuta mata ja fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa na ɗauka zancen ya ƙare.

Hanya ce ta nuna mini akwai saura. Ina sauke wuyan tirelar a kan ƙwallo sai bayan motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga. Sitiyari ya yi sako-sako a hannuna, kamar tayoyin gaba ba su gama taka ƙasa ba. Da duhu ya yi, duk motar da ta fuskanto mu sai ta haska mini fitila, don tawa fitilar ta bar kwalta ta koma idon mutane. Da wata babbar mota ta wuce mu kuwa, na ji iskarta ta tura mu gefe sannan ta jawo mu, tirelar ta kaɗa wutsiya sau biyu kafin ta nutsu. Uwargida ta dafa dashbod ta ce, "Maigida, rage gudu." Na rage, muka lallaɓa muka iso.

Yau na fara da tef ɗin awo a kan daɓe mai daidaito. Na manna ɗan tef a bakin bodi saman kowace taya, don in riƙa aunawa daga wuri guda kullum. Mota ita kaɗai: gaba santimita 89, baya 92. Da tirela a kan ƙwallo: gaba 91, baya 86 da rabi. Durƙuson bayan shi ne ido ke fara gani, amma santimita biyun nan na gaba su suka fi damuna, domin a can sitiyari yake, a can kuma mafi yawan ƙarfin birki yake.

Lahadi, 8 ga Maris

Takardar tallan tirelar ta ce nauyin wuyanta kilo 160. Wannan awo ne na tirela tsirara, kafin a ɗora batir da tukwanen gas biyu a kan wuyan, kafin a cika akwatin gaba da kaya. Na loda mata komai yadda za mu yi tafiya, na cika tankin ruwa, sannan na auna da kaina.

Sikelin auna mutum ba zai ɗauki wannan nauyi kai tsaye ba, sai da dabara. Na sami katako mai kauri, na ɗora gefe ɗaya a kan bulo, ɗaya gefen a kan sikeli, kowane gefe da guntun bututu a ƙarƙashinsa. Na sauke wuyan tirelar a kan katakon, santimita 30 daga bulo, 60 daga sikeli. A haka kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke sauka kan sikelin, sai ka ninka abin da ya nuna sau uku. Ya nuna 76. Ke nan kilo 228, kusan 70 sama da abin da takarda ta faɗa.

Ban ji haushin adadin ba. Tirela irin wannan ana so nauyin wuyanta ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta duka. Idan ya gaza haka, lilo ke biyowa baya, wato tirela ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Saboda haka ba zan kwashe kaya in mayar bayan tirela don motar ta miƙe ba, wannan gyaran gangar auzinawa ne. Nauyin yana inda ya kamata. Yadda motar ke ɗaukarsa ne ke buƙatar gyara.

Na zauna da biro na yi lissafin abin da ke faruwa. Tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.8 ne, daga aksil na baya zuwa ƙwallo kuma kusan 1.25. Aksil na baya ya zama kamar tsakiyar ma'auni: ka danna bayan da kilo 228, gaban ya sauƙaƙa da kusan 100, kuma wannan ɗarin ba ɓacewa ta yi ba, kan tayoyin baya ta koma. Wato bayan motar na ɗauke da ƙarin kusan 330 ne, ba 228 ba.

Laraba, 11 ga Maris

Dare uku ina karatu. Mahaɗin raba nauyi kai ne na ƙarfe mai ƙwallo, da sandunan sifirin biyu da ke fita daga ƙarƙashinsa su miƙe baya a gefen wuyan tirela. Idan ka ɗaga ƙarshen sandunan ka rataye su a jikin wuyan, kamar ka kama hannayen baro ne ka ɗaga: bayan motar ya tashi, wani nauyin ya gangara tayoyin gaba, wani kuma ya koma kan tayoyin tirelar. Ko kilo ɗaya ba ya ragewa daga jimilla, kuma ba ya ƙara wa mota iyakar abin da aka yarda ta ɗauka.

Kafin saye sai da na nemi izini uku. Na farko littafin motar, domin akwai masu ƙera motoci da ke hana amfani da shi gaba ɗaya, musamman a motocin da bodi da shasi suke haɗe wuri guda, saboda murɗar da sandunan ke yi wa jikin mota. Tamu mai shasi daban ce, littafin ya yarda, ya kuma ce a dawo da aƙalla rabin tashin da gaba ya yi, kada kuma gaban ya sauka ƙasa da yadda yake babu tirela. Na biyu tambarin da ke jikin bakin ja na motar, kwaroron nan mai inci 2: lambobi biyu ne a kansa, ɗaya na ja da ƙwallo zalla, ɗaya na ja da sanduna. Na uku mai ƙera tirelar, don wasu ƙananan tireloli ƙarfen wuyansu siriri ne ko na alminiyom, ba a yarda a matse su da sanduna ba. Tamu an yarda. Birkinta na lantarki ne, wannan ma ya sauƙaƙa, domin masu birkin da ke kamawa idan tirela ta turo mota ba kowane mahaɗi suke jituwa da shi ba. Irin wannan birkin ne ya yawaita a Turai, inda nauyin wuya ma bai kai na tirelolin Amurka ba, shi ya sa a can ba a cika ganin sandunan nan ba.

Iri-iri ne a kasuwa. Akwai masu sarƙa, da ake haɗa musu sandar hana lilo daban. Akwai irin su Equal-i-zer da sandunan ke zama a kan ƙarfe suna goga, gogar ce ke rage lilo. Andersen sarƙoƙi ne da roba mai tauri a madadin sanduna, kuma ba shi da nauyi sosai. Hensley da ProPride wata duniya ce daban, sun fi ƙarfin buƙatar tirela irin tamu. Na zaɓi mai sanduna da sarƙa, don ina son abin da zan iya ƙara masa ido ɗaya ko in rage, in ga bambanci da tef.

Asabar, 21 ga Maris

Kaya sun iso, ƙanena ya zo taya ni. Sandunan da na saya an yi su ne don nauyin wuya na laba 1,000, kusan kilo 450. Mai sayarwar ya ce gara a sayi babba, wai ko nan gaba an canza tirela. Na karɓi shawararsa.

Mun fara daidaita tirelar da jak har gabanta da bayanta suka yi tsayi ɗaya daga ƙasa, muka auna bakin da ƙwallo ke shiga: santimita 48. Muka ɗaura kan mahaɗin a ramin da ya sa ƙwallon ya fi haka da kamar santimita 2, don motar za ta ɗan sauka. Kan yana kwantawa baya gwargwadon yawan washa da aka jera a wani ɗan fil da ke cikinsa. Ƙarin washa, ƙarin kwanciya, ƙarshen sanduna ya ƙara yin ƙasa, ɗaga su ya ƙara ƙarfi. Muka fara da huɗu.

Abin da ya ci mana lokaci shi ne maratayan sarƙa. Dole sarƙar ta sauka a miƙe daga maratayi zuwa ƙarshen sanda, in ba haka ba a kwana ɗaya za ta ja ɗaya ta saki. To daidai wurin nan farantin tukwanen gas yake zaune. Ƙanena ya duba ya ce, "Yaya, mu matsar da maratayin baya kaɗan mana, wa zai gani?" Na ce sarƙar za ta gani. Muka kwance farantin muka tura shi gaba da santimita 4, muka huda sababbin ramuka a farantin. Ƙarfen wuyan kansa ban yarda an taɓa shi da abin huji ba.

Notin ƙwallon takarda ta nemi a ɗaure shi da ƙarfin da ya haura niyuton-mita 600. Sufanata mai awo ba ta kai nan ba, sai na ɗauki kan na kai garejin manyan motoci aka ɗaure mini.

Abu guda da na nanata wa ƙanena har ya gaji da ji: kada a ɗaga maratayi da ƙarfin hannu alhali nauyi na kan sanda. A kulle wuyan a kan ƙwallo, a ɗaga tirela da bayan mota tare da jak, sai sarƙa ta shiga cikin sauƙi, a sa fil, sannan a sauke. Haka ma wajen kwancewa. Bututun da ake ɗaga maratayin da shi, idan sanda na ɗaure ya kufce, ƙafa ko haƙarƙari yake nema.

Lahadi, 22 ga Maris

A tsaye komai ya yi kyau. Gaba ya dawo 89 cif, baya 90. Kowa ya gani zai ce an gama.

Muka fita gwaji na kamar kilomita 30. A kwalta marar gargada sitiyari ya dawo da nauyinsa, na ji daɗin wannan. Amma da muka shiga inda hanya ke da gargada, sai mota da tirela suka zama kamar katako guda. Kowane tudu sai ya doke mu a baya, ya sake dukanmu. Wajen shiga gidan mai, inda ƙasa ke sauka ta sake hawa, na ji ƙarfe ya yi wani ƙugi, tayoyin bayan motar kuma suka ɗan yi kuka kafin su kama. Da muka dawo na buɗe tirelar: ƙofar kabad biyu a buɗe, kofuna a ƙasa, wani ɗan sukuru ya fito daga jikin katakon gado.

Na daɗe a tsugune ina kallon sandunan. Ko lanƙwasa ba su yi ba. Sifirin kuwa aikinsa lanƙwasa ne. Wanda aka yi don kilo 450, idan aka ba shi 228, ba ya motsi, duk bugun hanya sai ya wuce kai tsaye cikin siririn ƙarfen wuyan tirelar da bakin ja na mota. Ga tirela mai nauyi, babbar sanda daidai ce. Ga tamu, cuta ce a hankali. Na gwada sassauta sarƙa da ido ɗaya, sai gaba ya koma 90 da rabi, wato tsakanin ido da ido babu matsakaici. Ko tauri ko babu.

Alhamis, 26 ga Maris

Na mayar da sandunan, an karɓa ba gardama. Na nemi na laba 600, kusan kilo 270. Nauyin wuyanmu da ɗan abin da ke but bayan aksil duk suna cikin wannan iyaka. Sai mako mai zuwa za su iso.

Asabar, 4 ga Afrilu

Sababbin sandunan sun fi sirantaka, a hannu ma ana jin bambanci. Da washa huɗu da ido biyar na sarƙa a ɗaure, gaba ya tsaya 90. Rabin tashin ya dawo ke nan, littafin mota ya gamsu, amma ina son ɗan ƙari.

Hanya mai sauƙi ita ce in rage sarƙar zuwa ido huɗu. Ban bi ta ba. Takardar mahaɗin ta ce kada idanun da ke ɗauke da nauyi su gaza biyar, domin a kwana sanda na tafiya gaba da baya, gajeriyar sarƙa kuma ba ta ba ta wuri. Ga shi kuma ƙarshen sandunan zai tashi sama, alhali ana son su kwanta daidai da wuyan tirela. Don haka muka sauke komai, muka kwance manyan notocin kai, muka ƙara washa ɗaya. Aikin minti arba'in saboda ƙarfe ɗaya mai kaurin kwabo.

Da washa biyar, ido biyar: gaba 89 da rabi, baya 89. Sandunan sun ɗan yi baka, sun kwanta daidai da wuyan. Tirelar ta sunkuyar da hanci da kamar santimita ɗaya, wanda ya fi mini a ce ta ɗaga shi. Bayan motar bai koma 92 ba, kuma ba na neman ya koma. Mota ce ɗauke da kaya, dole ta nuna.

Na shafa giris a ƙwallo da inda kawunan sandunan ke juyawa cikin kan mahaɗin. Sandar hana lilo kuwa ba a kusantarta da mai, da goga take aiki. Sarƙoƙin tsaro na gicciye su a ƙarƙashin wuya, igiyar birkin gaggawa kuma na maƙala ta a jikin motar kanta, ba a kan mahaɗin ba.

Asabar, 11 ga Afrilu

Tef yana faɗin tsayi, ba ya faɗin kilo. Yau muka je sikelin manyan motoci, ni da uwargida a kujerunmu, tanki cike da mai, tirela da kayan tafiya da ruwa. Sau uku muka hau.

Da sanduna a ɗaure: aksil na gaba 1,160, na baya 1,310, na tirela 1,590.
Da sanduna a kwance: gaba 1,080, baya 1,430, tirela 1,550.
Mota ita kaɗai: gaba 1,180, baya 1,100.

Na zauna a gefe na yi ta kallon takardun ukun. Jimilla 4,060 ce da sanduna, 4,060 babu sanduna. Tirelar 1,780, wuyanta 230, kusan kashi 13 cikin ɗari, kuma sikelin gida da katako bai yi kuskure ba sai da kilo biyu. Sandunan sun ɗauke 120 daga aksil na baya, 80 sun tafi gaba, 40 sun koma tirela.

Abu biyu suka tsaya mini. Tambarin da ke jikin ƙofar direba ya ce aksil na baya kada ya wuce 1,400. Ashe ranar da muka jawo tirelar, da a ce da kayan nan ne, da mun haura iyaka da kilo 30, alhali ƙarfin jan da aka rubuta wa motar ko kusa ba mu kai ba. Adadin jan nan da ake tallatawa, a ƙa'idar gwaji ta SAE J2807, ana fitar da shi ne da mutum biyu kacal a mota, kowanne laba 150. Iyali da kayansu suna cinye abin da aksil zai ɗauka tun kafin a zo maganar ja.

Na biyun ban taɓa kawo shi a raina ba. Aksil ɗin tirelar na laba 3,500 ne, wato kilo 1,590 ba kaɗan. Kilo 40 ɗin da sandunan suka mayar masa sun kai shi bakin iyaka daidai. Na yi ta kula da gaban mota, ashe ina tura matsalar can baya inda taya biyu ne kawai ke ɗauke da komai. A babbar tirela mai aksil biyu arba'in ba a bakin komai take ba. A tamu ita ce duk sararin da ya rage.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Tankin ruwan yana zaune kusan a kan aksil. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka daga yau lita 40 za mu riƙa tashi da ita, mu cika idan mun isa. Wannan kaɗai ya sauke aksil ɗin zuwa wajen 1,530 ba tare da ya taɓa nauyin wuya sosai ba. Uwargida ta fitar da kujerun ƙarfe biyu da wata babbar tukunya da ta ce ba lallai ba ne. Akwatin sufanu na ɗauke shi daga ƙarshen but na mayar ƙasan kujerar tsakiya, gaban aksil na baya. Na duba iskar tayoyin tirela da safe kafin rana ta taɓa su, na cika su zuwa abin da aka rubuta musu.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Mun dawo daga tafiyar farko ta sosai, kilomita 380 zuwa da dawowa, kwana ɗaya a can.

Manyan motoci sun wuce mu ba adadi. Turawar iskar tana nan, ina jin ta, amma mota da tirela tare suke matsawa tare su dawo, wutsiya ba ta kaɗa ba. A kan wata doguwar gada iska ta bugo daga gefe, na sauka zuwa 80, hannuna biyu a sitiyari, na kuma san inda maɓallin birkin tirela yake idan ta kama in taɓa shi shi kaɗai. Ba ta kama ba. A gargada yanzu bugu ɗaya ne mai laushi sai ya wuce. Da muka isa na buɗe ƙofa da fargaba, na tarar da kofuna a inda aka bar su.

Wajen shiga masauki na tsaya na cire sandar hana lilo kafin in yi ribas, don a matsatsiyar kwana tana iya lanƙwashewa. Hanyar cikin kuma akwai wani kwari mai zurfi, sai na sa jak na kwance sandunan sifirin ma, na shiga a hankali a kan ƙwallo zalla. Minti biyar ne, ya fi mini jin ƙugin nan na ranar 22 ga Maris.

Da dawowa ruwan sama ya same mu. Na tsaya na sassauta sandar hana lilo kamar yadda takardarta ta ce, domin a kwalta mai santsi tana iya hana tirela bin mota a kwana. Na rage gudu sosai, fitilunmu kuma a kan hanya suke, babu wanda ya haska mana.

A gida na bi notoci da sufana. Na maratayin hagu ya ɗan saki, ya zame baya da kaurin yatsa, har ya kankare fenti. Na mayar da shi wurinsa, na ja layi da farin fenti a gefen kowane maratayi don in riƙa gani da ido ko ya motsa. Idon sarƙa na biyar ma na ɗaura masa jan zare a kowane gefe, saboda ranar da za a haɗa cikin duhu.

Saura in koma sikeli da lodin da muka rage, ina son ganin 1,530 ɗin a takarda. Ƙanena kuma ya ce zai zo da matarsa tafiya ta gaba, mutum biyu ke nan a kujerar baya da jakunkunansu. Aksil na baya yana da sararin kilo 90 ne kawai, don haka ranar Asabar za mu je sikelin mu huɗu.